Abin da Aikin Umoja Ya Koya Mini

Idan aka ce kwaleji ta buɗe shiri na musamman don baƙaƙen fatar Amurka, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne ajin gyara, inda za a zaunar da masu rauni a maimaita musu karatun sakandare. Aikin koyar da lissafi da na yi a wata kwalejin shekara biyu a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin shirin Umoja, ya nuna mini cewa shirye-shiryen da ke tsinana abin kirki ba haka suke tafiya ba.

An kafa Umoja a 2006, kuma tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. Ana haɗa ɗalibai rukuni guda su ɗauki wasu darussa tare, a ba su mai ba da shawara nasu na kansu, a sa tarihin Afirka da rubuce-rubucen baƙaƙen fata cikin manhaja, sannan a ware musu ɗaki. Ƙofa a buɗe take ga ɗalibi kowane iri.

Ɗakin nan ne ya fi ba ni darasi. Ba komai cikinsa sai kujeru da 'yan kwamfutoci da na'urar ɗumama abinci, ga surutu kamar kasuwa. Yawancin masu shigowa suna aiki bayan aji, wasu na da 'ya'ya, da yawa kuma su ne na farko a gidansu da suka taka kwaleji. Ɗalibin da ba zai taɓa ɗaga hannu a aji ba, don gudun kada tambayarsa ta zama hujjar masu cewa irinsu ba sa ja, a nan sai ka ga ya miƙa wa na kusa da shi littafi yana tambayar inda lissafin ya karkace. Sau da yawa kafin in iso teburin sun warware abinsu.

Ashe an daɗe da gano wannan. A tsakiyar shekarun 1970, Uri Treisman na jami'ar Berkeley ya so sanin abin da ke kayar da ɗalibai baƙar fata a darasin kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi. Malamai sun ɗora laifin kan talauci da raunin sakandare da rashin himma. Shi kuwa sai ya bi ɗalibai 20 baƙar fata da 20 'yan asalin Sin, ya ga yadda suke karatu. Himma dai kowa na da ita. Bambancin shi ne baƙaƙen fatar kowa na kulle kansa a ɗaki shi kaɗai, yayin da 'yan asalin Sin ke haɗuwa bayan sun yi nasu, su duba aikin juna, su faɗa wa juna abin da malami ke so. Maganin da ya kawo a 1978 shi ne zaman rukuni, kuma da tambayoyin da suka fi na aji wuya. Ya gabatar da shi a matsayin shirin haziƙai, domin yaron da ya zo na ɗaya a makarantarsu ba zai kai kansa inda aka rubuta masa “mai rauni” a ƙofa ba.

Shirin Meyerhoff na jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore, wanda aka kafa a 1988, ya ƙara ƙarfafa wannan dabara. Freeman Hrabowski, wanda aka kulle yana ɗan shekara 12 saboda zanga-zangar neman 'yancin baƙaƙen fata da yara suka yi a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, shi ya jagorance shi. Da samari baƙar fata 19 aka fara. Kafin a buɗe makaranta ana tsare sababbin ɗalibai mako shida suna karatu tare, kuma tun ranar farko ake gaya musu cewa digirin digirgir ake jira daga gare su. Kizzmekia Corbett, wadda ta yi aikin rigakafin korona na kamfanin Moderna, daga nan ta fito.

To ina amfanin al'ada cikin duk wannan? A ganina ita ce ke sa ɗalibi ya yarda ya zauna. Mutum ba ya buɗe rauninsa gaban wanda bai amince da shi ba. Malamar da ta san sunan ɗansa, ta kira shi a waya ranar da bai zo ba, ita ce za ta iya ce masa wannan aikin bai yi ba, sake shi, ya kuma saurara.

Mu da muka zo daga Afirka muna yawan yi wa waɗannan 'yan'uwa gurguwar fahimta. Na sha jin ana cewa ga dama a gabansu amma sun ƙi karatu. Mai faɗin haka ya manta cewa shi ya tashi ne inda malami da likita da alƙali duk kamarsa suke, kuma tun a Zariya ko Kano ya saba kwana a aji da abokai ana bitar jarrabawa. Bai taɓa zama baƙar fata tilo cikin ɗalibai ɗari ba sai da ya riga ya girma ya san kansa.

Yanzu doka na ƙara matse irin waɗannan shirye-shirye. Tun 1996 Kalifoniya ta hana fifita wani launin fata ko jinsi a makarantun gwamnati, a shekarar ce kuma Meyerhoff ya buɗe ƙofa ga kowa. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, jihar Texas kuma ta rufe ofisoshin kula da bambancin launin fata da jinsi a jami'o'in gwamnati daga Janairun 2024. Zaman rukuni da tambayoyi masu wuya za su iya tsira da kowane suna aka ba su. Ɗakin da malamar mai kiran waya su nake ji wa tsoro, don su ne ke da wuyar karewa a takardar kasafin kuɗi.