Abin da gada mai juyawa ta Newcastle ta koya mini

A zango na biyu na karatuna na injiniya a Ingila, an umarci kowannenmu ya zaɓi wani tsohon gini ya rubuta tarihinsa. Ni na ɗauki gadar nan mai juyawa da ke kan kogin Tyne, tsakanin Newcastle da Gateshead, saboda kusan kullum da yamma ta kanta nake bi. Ba ta da tsayi, an shafe ta da jan fenti da fari, ga wani ɗan ɗaki kamar hasumiya a samanta. Manyan gadoji biyu sun sa ta a tsakiya, High Level ta 1849 da Tyne Bridge ta 1928, kuma baƙo in ya zo su yake ɗauka a hoto.

Rahotona na farko lissafi ne zalla. Na rubuta cewa an buɗe ta a 1876, ɓangaren da ke juyawa ya kai kusan mita 86, nauyinsa ya haura tan 1,000, kuma a lokacin babu gada mai juyawa da ta kai ta girma a duniya. Malamina, wani dattijo mai sanyin magana, ya karanta har ƙarshe, sannan ya ce duk abin da na rubuta daidai ne, amma me ya sa take juyawa? Na ce don jiragen ruwa su wuce. Ya ce, su je ina? Na yi shiru. Ya miƙo mini takardata ya ce in bi bakin kogin da ƙafa, in nufi yamma, in dawo mu yi magana.

Ranar Asabar na yi wannan tafiya, cikin sanyi da yayyafi, har na kai unguwar Elswick. A nan ne injiniya William Armstrong ya kafa masana'antarsa a 1847, kuma a nan amsar take.

Wurin da gadar ke zaune tsohuwar mahaya ce. Rumawa sun yi gada a wajen tun zamanin sarki Hadrian, wajen shekara ta 122, suka kira ta Pons Aelius. Wata gadar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin, wadda har gidaje da shaguna aka gina a kanta, ambaliyar Nuwamban 1771 ta tafi da ita. Aka maye gurbinta da ta dutse a 1781. Wannan ta dutsen tana da ƙwari, ba wanda ya ce ta tsage ko tana shirin faɗuwa. Laifinta ɗaya ne: bakunanta sun yi ƙasa, sai ƙananan kwale-kwalen dakon kwal ne ke iya ratsawa. Duk wani babban jirgi a nan yake cin birki. Masana'antar Armstrong kuwa tana can sama da gadar, tana ƙera injuna da manyan igwogi, ga teku a kusa amma ba hanya. Hukumar gyaran kogin Tyne tana ta yashe kogin don ya yi zurfi, amma zurfi bai da amfani muddin ƙofa a rufe take. Sai aka rushe gada lafiyayya, kamfanin Armstrong ya ƙera wadda za ta riƙa kaucewa.

Abu na farko da na koya ke nan, kuma ya canja yadda nake aiki har yau. Dalilin gini sau da yawa ba a jikinsa yake ba. Na shafe makonni ina auna ƙarfe, alhali dalilin yana can tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga inda nake tsaye. Yanzu duk wurin da aka tura ni, kafin in fito da abin awo sai na zaga, na tambayi masu wucewa daga ina suke, ina za su, wa kuma hanyar ta tare.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai da na ci gaba da bincike. Jirgin farko da ya ratsa gadar, a watan Yulin 1876, na Italiya ne mai suna Europa, kuma abin da ya je ɗaukowa a Elswick igwa ce mai nauyin tan 100. Bayan 'yan shekaru aka buɗe wurin ƙera jirage a Elswick, jiragen yaƙi suka riƙa fitowa ta wannan ƙofa zuwa ƙasashe irin su Japan. Dubban mutane sun samu abinci a wannan aiki, ba na musu. Amma na daɗe ina tsaye a kan gadar ina tunanin inda waɗannan makamai suka sauka da mutanen da suka sauka a kansu. Su kuma masu ƙananan kwale-kwale, da manyan jirage suka samu hanyar zuwa su yi lodin kwal da kansu, sana'arsu ta ƙara ja baya. Na sa wannan duka a rahoton, domin ban ga yadda injiniya zai yabi ƙofa ya ƙi faɗin abin da ya bi ta cikinta ba.

Injin kansa kuwa abin sha'awa ne. Da matsin ruwa yake aiki, fasahar da Armstrong ya yi suna a kanta tun da ya kafa na'urar ɗaga kaya a bakin kogin a 1846. Famfo na tura ruwa cikin wata ma'ajiya da aka nutsar a rami ƙarƙashin gadar, wani abu mai nauyi na danne ruwan, ƙarfi na taruwa a hankali yana jira. In an buɗe masa hanya, sai ruwan ya motsa injin, gadar ta juya a kan tayoyin ƙarfe bisa ginshiƙin tsakiya, kogin ya buɗe gida biyu. Da farko da tururi ake tuƙa famfunan, a 1959 aka mayar da su na lantarki, amma injin juyawar na asali ne. Kamfanin ne ma daga baya ya yi injunan Tower Bridge ta Landan.

A 1924 gadar ta buɗe kusan sau 6,000. Sai kasuwar kwal ta faɗi, wurin lodin kwal na Dunston ya rufe a 1980, jirage suka ɗauke ƙafa, har ya zama buɗe ta sai jefi-jefi. Bayan 2019 kuma matsalar na'ura ta hana ta juyawa.

Na ba mahaifina wannan labari a waya. Bakanike ne, shekara da shekaru yana kwance injin yana ɗaurawa. Ya saurara, sannan ya tambaye ni sau nawa ake tayar da ita. Na ce, Baba, ai yanzu ba jiragen da za a buɗe wa. Ya ce ko motar da ba a fita da ita ana tayar da ita duk mako, in ba haka ba roba ta bushe, tsatsa ta kama, ranar da ake buƙata ta ƙi tashi. Na ƙara babi guda a rahoton kan kula da injin da aikinsa ya ragu, kuma a kansa malamina ya fi yin rubutu a gefen takarda.

Daren da zan bar garin na sake bi ta kanta. Na tsaya daidai inda kwaltar ta rabu, wata 'yar tsaga mai bakin ƙarfe tsakanin ɓangaren da ke tsaye da wanda ke juyawa. Motar bas ta wuce, na ji gadar ta ɗan girgiza a ƙarƙashin ƙafata, ruwan kuma na ta gangarawa teku ta gefe biyu na ginshiƙin.