Kullen korona, ni da wayata

Jiya ina goge tsofaffin hotuna saboda wayar ta cika, sai na ci karo da wani hoto da na ɗauka a 2020, fuskata ce a gaban lakcar Zoom, ido ya yi jajir, gashi ba gyara. Wallahi dariya na fara yi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ina shekara ta biyu a jami'a lokacin da hukumar lafiya ta duniya WHO ta ce korona ta zama annobar duniya, 11 ga Maris 2020, ba a jima ba aka rufe makarantu, mu a tunaninmu hutun sati biyu ne. Ina! UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta ce ɗalibai sama da biliyan 1.5 abin ya shafa. To ni dai matsalata guda ce, wayar da ake ce min in yi karatu da ita, ita ce dai wayar da TikTok yake ciki. Malami na bayani, na kashe kyamara da makirfo, na zame Instagram "minti biyu kawai", in dawo in tarar Zoom ɗin kyauta ya yanke a minti 40 ɗinsa, ana ta neman sabon link a group, ni ko kanun darasin ban kama ba.

Group ɗin ajinmu na WhatsApp kuwa sai wanda ya gani. An buɗe shi don handout, ya koma kasuwar jita-jita, yau a ce 5G ce ke kawo cutar (a Ingila har turakun sadarwa aka ƙona kan wannan maganar fa), gobe a turo muryar wani "likita" da ba wanda ya san sunansa. Mu 'yan jami'a muke turawa fa, masu karatun kimiyya ma a ciki. Da WhatsApp ya taƙaita forward a Afrilun shekarar, ya zama saƙon da ya yawata sosai sai mutum ɗaya ko group ɗaya za ka tura wa a lokaci guda, sai muka koma kwafa da liƙawa.

Ba zan ci amanar wayar ba dai, akwai abokina da mahaifinsa ya kwanta asibiti, kiran bidiyo da muke masa kullum da dare shi ya riƙe shi. Wani kuma a YouTube ya koyi zanen kwamfuta yanzu da shi yake ci.

Amma barcina wayar ta tafi da shi, ƙarfe uku na dare ina ta jan allo ina kallon adadin waɗanda suka mutu a Italiya, gabana na faɗuwa kuma na kasa ajiyewa. Da aka koma makaranta na shiga laburare na buɗe littafi, shafi ɗaya na karanta sau huɗu ban san me ya ce ba, hannuna sai lalube aljihu yake, alhali da kaina na kashe wayar na bar ta a ɗaki.