Yadda Na Fara Waƙa Ba Tare da Ubangida Ba

Waƙata ta farko da kuɗin ɗinki na ɗauke ta, a wani ɗan sitidiyo da ke Zoo Road a Kano, domin a lokacin tela nake a shagon yayana, kuma babu kamfanin da ya tsaya mini. Na shiga da baitoci 12 a littafin makaranta ina ji da kaina, amma da mai kiɗa ya ɗora yatsu a kan fiyano ya ce in rera amshi, sai amshin ya ƙi hawa kiɗan saboda gaɓoɓinsa sun yi yawa. Rabin lokacin da na biya ya tafi a gyaran layi biyu, sannan aka ɗauke wuta, aka ce man janareta ma a kaina yake. Tun daga ranar ba na taka sitidiyo sai na yi kwanaki ina rera waƙa ina buga teburin ɗinki, har karin ya zauna a bakina.

Da ta fito na kai wa masu turi a kasuwar waya ta Farm Centre, suka riƙa zuba ta a wayoyin jama'a. Bayan wata guda na ji ta a cikin A Daidaita Sahu, direban kuma ya rantse mini cewa ta wani mawaƙi ce daban. Laifina ne, domin ban ambaci sunana ko sau ɗaya a cikinta ba, kuma a ranar na gane cewa ba don alfahari kaɗai mawaƙanmu suke kiran sunansu a baitin ƙarshe ba.

Na yi rajista da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, na kuma buɗe tasha a YouTube, sai dai sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara samun kuɗin talla ya yi wa sabon shiga nisa. Abin da ya riƙe ni shi ne waƙar biki, inda dangin amarya kan kawo sunayen iyaye da ƙawaye a takarda, ni kuma in jera su cikin ƙafiya. A nan ma sai da aka cinye mini kuɗin waƙoƙi biyu, saboda kunyar tambaya, kafin na fara karɓar rabi tun ban ɗauki biro ba. Ragowar kuwa sai ta shigo hannuna nake tura waƙar, ko da ɗan unguwarmu ne angon.