Shekarata ta farko a Jami'ar Jos

Duk wanda ya taso a Katsina ko Kano ya sami gurbin karatu a Jami'ar Jos, abu biyu ake ja masa kunne a kansu tun kafin ya ɗaure kaya, wato sanyi da rikici. Maganar sanyi babu ƙari a cikinta, domin garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sai mutum ya yi ta maza kafin ya yi alwalar asuba da ruwan da ya kwana a bokiti. Maganar rikici ma tana da tushe, tun da iyayenmu ba su manta da Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 ba.

Sai dai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a makonnin farko shi ne kaɗaici. A sakandare malami ya san sunana, ya san na mahaifina. A nan kuwa sai ka zauna cikin ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lacca, a gama a watse, ba wanda zai lura ko ka zo ko ba ka zo ba. Ga shi jami'ar, wadda ta soma a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kafin ta tsaya da ƙafafunta a 1975, ba a wuri guda take ba, don haka baƙo yakan yi ta kai-komo tsakanin harabar titin Bauchi da ta Naraguta bai san wanda zai tambaya ba.

Waɗanda suka fara riƙe hannuna su ne 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi da 'yan ƙungiyar ɗaliban jiharmu. Wani ɗan aji uku ne ya ga ina rarraba ido da takardun rajista a hannu, ya ce, "Ƙanena, zo in raka ka." Ba zan manta da alherinsu ba. Amma a ganina ƙungiyar 'yan gida masauki ce, kuma ɗalibin da ya tsaya a nan kaɗai zai iya gama shekara huɗu a Jos bai san Filato ba.

A ɗakin kwananmu na soma jin cewa ni ma ɗan wurin ne. Abokin ɗakina ɗan Mangu ne, Kirista, wanda yake magana da mahaifiyarsa a waya da harshen Mwaghavul, ya juyo ya yi mini Hausa tas. Tare muke zuwa kasuwar Farin Gada mu sayo dankalin turawa da kabeji da karas, mu haɗa kuɗin kalanzir, kuma a tukunyarsa na fara cin gwaten acha mai zafi da yakuwa a wani dare da sanyi ya hana mu karatu. Muna cikin ci ya gaya mini cewa ranar da zai taho, kawunsa ya gargaɗe shi da ya yi hattara da Hausawa, ya kuma guji wasu unguwanni. Na yi shiru na ɗan lokaci, domin irin wannan gargaɗi aka yi mini a kan mutanensa, kusan kalma da kalma. Daga wannan dare muka daina kewaye-kewaye, yana tambayata abin da bai gane ba game da azumi, ni kuma ina tambayarsa yadda danginsa suka ji a lokutan tashin hankali.

Abin da ke damuna yanzu shi ne zama a wajen makaranta. Ɗaliban da suke kama haya a cikin gari yawanci addini ne yake zaɓar musu unguwa, Musulmi su nufi Unguwar Rogo da makamantanta, Kiristoci su nufi nasu ɓangaren, kuma kowa yana da hujjarsa ta tsaro wadda ba zan raina ba. Ni da abokina mun soma neman ɗakin da za mu kama tare a shekara mai zuwa, kuma har yanzu muna kan tattauna unguwar da iyayen kowannenmu za su amince da ita.