Giya ta ƙi barin P a hanyar Yauri

Mun bar Birnin Kebbi da hantsi cikin Camry ta 1999, muka wuce Jega da Maiyama, muka tsaya sallar Azahar a Koko. Da muka dawo, mota ta tashi lafiya lau, amma sandar giya ta kafe a kan P, wato giyar fakin. Wani ɗan acaba ya ce, "Alhaji, fizgo ta da ƙarfi!" Ban bi shawararsa ba, domin fizga ce ke karya robar da ke ƙarƙashin sandar ko ta lalata kebur ɗin giya.

Motar otomatik tana da wani ɗan sakata mai aiki da lantarki, wanda ba ya sakin giya sai an taka birki. Saƙon yana zuwa masa ne daga swic ɗin da ke saman fedar birki, wanda shi ne kuma ke kunna jar wutar baya. Saboda haka na sa abokin tafiyata ya tsaya a bayan mota, na taka. Wuta ba ta kama ba, ɗan "ƙas" ɗin da ake ji kusa da giya ma babu. Ke nan giyabos lafiya yake. Laifin yana wajen fiyus ko swic. Da a gangare na faka ba tare da hambirki ba, da sai in zargi nauyin mota da ya danne haƙorin P a cikin giyabos. Maganin wannan, mutum biyu su tura motar sama kaɗan yayin da direba ke jan sandar.

Na ja hambirki, na sa dutse a gaba da bayan taya, domin da an shiga firi mota na iya gangarawa. A gefen sandar akwai ɗan murfin roba, bai fi farcen babban yatsa ba. Na ɓalle shi da sukundireba mai faɗin baki, na taka birki, na danna abin da ke cikin ramin, wanda ke sakin sakatar, na jawo sandar zuwa N, wato firi. A tsofaffin Honda Accord makullin motar ake zurawa a ramin. Mota tana tashi a N kamar yadda take tashi a P.

Sai dai ban kama hanya haka ba. Titin Koko zuwa Yauri tireloli ne ke binsa, kuma wanda ke bayanka ba zai san ka taka birki ba. Mai wayarin a bakin tasha ya zaro fiyus mai rubutun STOP, ya tarar ya ƙone, ya sa wani mai lamba iri ɗaya. Na hana a naɗa waya a madadinsa. Ya gano inda wayar fitila ta goge a jikin but, ya naɗe ta da tef. La'asar ta same mu a Yelwa, muna cinikin kifi a bakin Neja.