Shaddata da kashin ƙwaro

Har yau in na buɗe akwati na ga hannun shaddar nan sai raina ya ɓaci. Yaya ne ya ɗinka mini ita da zan taho Cape Town karatun lissafi, ni kuma da rawar kai na saka ta ranar da malamarmu ta kai mu tsaunin bayan garin Hermanus. Kowa da takalmin hawan dutse, ni kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Wani tsiro muka je gani, Roridula, wanda a wannan kusurwa ta Afirka ta Kudu kaɗai yake fitowa. Ganyensa duk gashi ne mai danƙo, ƙuda na sauka ya maƙale, amma tsiron ba shi da abin narkar da nama. Sai wani ɗan ƙwaro mai maiƙo a jiki, Pameridea, ya tako kan danƙon hankalinsa kwance ya tsotse abin da aka kama. Wata uku ina lissafin zamansu a kwamfuta, alamar debewa na sa wa ƙwaron. Ɓarawo ne, yawansa asarar tsiro, shi ke nan.

Da na gan shi ido da ido sai na kai hannu in kaɗe shi. Hannun riga ya manne, na ja, ɗaya gefen ya kama. Malama ko murmushi ba ta yi ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ta ce in duba ganyen. Ɗigo-ɗigo baƙi. Kashin ƙwaron ne. Tun 1996 masu bincike Ellis da Midgley suka nuna cewa ta nan tsiron ke samun naitirojin, sinadarin da tsiro ke buƙata don ya girma, daga baya aka auna, yakan kai kashi 70 cikin ɗari na naitirojin ɗinsa. Ashe ɓarawon nawa yana biyan haya. Sai in ƙwarin sun yi yawa abinci ya ƙare, sannan su koma tsotsar ruwan tsiron kansa. Layin amfanin tsiron da na zana yana gangara da ƙaruwar ƙwari ashe tudu ne, ya hau sannan ya sauko. Daga farko na sake.

Danƙon ma ƙaro ne, ruwa ba ya fitar da shi. Na jiƙa, na cuɗa, a banza.

Daren nan, ga sanyin Yuni ga ruwa na dukan taga, shagon Yaya na Kantin Kwari nake ta gani. Mu tara muke ci a kansa, kuma ban san wanda ya kai ni tsotsa ba: kuɗin makaranta, fasfo, jirgi. In na ce zan turo wani abu sai ya ce, "Kai dai ka ci abinci."

Ranar Juma'a Inna ta karɓi wayar.

"Wai me kake karantawa ne?"

"Lissafi ne, Inna."

"Ka saka shaddar kuwa?"

"Na saka."

"Turawan sun yaba?"

Na ce kowa ya kalle ta.