Wata uku ina tsallaka Bosforus

Jiya na kammala horon aiki na wata uku a Istanbul, har yanzu zuciyata cike take. Masaukinmu na ɗalibai yana Uskudar, ɓangaren Asiya, ofishin kuma yana ɓangaren Turai. Kullum da sassafe nakan shiga jirgin ƙasa na Marmaray, wanda tun 2013 yake bi ta ƙarƙashin Bosforus, mashigin tekun da ya raba ɓangarorin birnin biyu, cikin 'yan mintuna sai ga ni a wata nahiya.

Harshe ne ya fi wahalar da ni. Shekara guda na yi ina koyon Turkanci, amma ranar farko a ofis kaina ya ɗaure. Wata dattijuwar injiniya ta riƙa maimaita min komai a hankali, ba ta taɓa ƙosawa ba. Da na je yi mata sallama, hawaye suka hana ni magana.